Jirgin rakiya ba a tambayarsa nawa ya kashe

Jiya muka yi musu da wani abokina kan HMCS Sackville, ƙaramin jirgin yaƙin Kanada da ke ɗaure a tashar Halifax. Cewa ya yi bai ga dalilin girmama jirgin da bai nutsar da na abokan gaba ko ɗaya ba. Ni kuwa na ce masa, Malam, ka auna shi da mudun da ba nasa ba.

Aikinsa rakiya ne. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen kaya sukan tashi ayari guda tsakanin Kanada da Ingila, jiragen Jamus masu nutso suna kwanton ɓauna a Tekun Atlantika. Duk wanda kakansa ya yi fatauci ya san ba a tambayar mai rakiya ɓarayi nawa ya kashe. Kaya sun isa ko ba su isa ba?

An ƙera shi a garin Saint John, ya fara aiki ranar 30 ga Disamba 1941. Tsawonsa bai kai mita 63 ba, kuma daga jirgin farautar kifin whale aka kwaiko fasalinsa. Irin waɗannan jiragen ba su da dama wajen tangaɗi a kan igiyar ruwa, ga sanyi, ga amai, tufafi kullum jiƙe, mutum wajen 85 a cunkushe.

A watan Agusta 1942, yana rakiyar ayari mai lamba ON 115 cikin hazon teku kusa da Newfoundland, ya yi arba da masu nutso uku cikin abin da bai kai kwana biyu ba. Kyaftin Alan Easton ya sa aka yi musu ruwan bama-bamai da harbin igwa. Biyu, U-43 da U-552, suka ji jiki, suka bar farauta suka koma gida gyara. To, jirgin da ke kwance wajen makanikai, wa zai harba?

Abin da ya fi ba ni mamaki, rauninsa ne ya ja masa kwana. A Satumba 1943 wata fashewa kusa da shi ta lalata masa tukunyar tururi ɗaya. Daga baya aka cire ta, aka zuba wayoyin gano masu nutso a gurbinta, ya koma shimfiɗa su a bakin tashoshi. 'Yan uwansa masu ƙoshin lafiya, da yaƙi ya ƙare, aka sayar da su, wasu aka yanka ƙarfe. Shi kuma ya zama jirgin binciken teku har 1982.

A 1985 Kanada ta mai da shi abin tunawa da sojojin ruwanta. Cikin irinsa kusan 300 da aka ƙera, shi kaɗai ya rage. Abokina dai har yanzu cewa yake sa'a ce kawai, kuma ya ƙi biyan kuɗin shayin.