Wa ya ba shi rajistar masu ceto?

Shekaranjiya a cikin trotro, motar haya ta Accra, daga Circle zuwa Nima, wani mai wa'azi ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya ce a cikin motar nan da ƙyar mutum biyu su sami ceto. Kusa da ni wata Hajiya ce riƙe da ledar kifi. Ni Kirista ne, a zango aka haife ni, rabin dangina masu salla ne, sai kunya ta rufe ni.

Abin da ke ba ni haushi, an taɓa yi wa Yesu wannan tambayar kai tsaye. Ku duba Luka 13:23: wani ya tambaye shi ko masu samun ceto kaɗan ne. Bai ba shi adadi ba. Cewa ya yi kowa ya yi fama ya shiga ta ƙunƙuntar ƙofa. An tambaye shi labarin wasu, ya mai da wa mai tambaya da kayansa. Har ya ƙara da cewa za a zo daga gabas da yamma, kudu da arewa, na baya kuma su zama na gaba.

Ba na musu, Matiyu 7:14 ya ce masu samun hanyar kaɗan ne, kuma ayar tana hana ni barci wani lokaci. Amma Wahayin Yahaya sura 7, inda Shaidun Jehobah suka samo 144,000 ɗinsu na masu zuwa sama, ita ce kuma a aya ta 9 ta nuna taron da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace ƙabila da harshe.

Manyan malaman ma ba su haɗa baki ba. Kalbin ya ce Allah ya riga ya zaɓi nasa tun fil azal. Orijin na Iskandariya ya yi begen a ƙarshe kowa zai komo ga Allah. Katolika kuwa, a taron Batikan na biyu a 1964, sun rubuta cewa shirin ceto ya haɗa da masu shaida Mahalicci, suka ambaci Musulmi da suna. Shi ya sa ban yi mamakin tarbar da aka yi wa Babban Limamin Ghana Sharubutu ba, da ya je cocin Katolika na Christ the King a 2019 yana cika shekara 100. (Fastonmu ba ya son in kawo wannan zancen, amma sai na kawo.)

Na gaskata ceto ta wurin Almasihu yake, ban janye ba. Sai dai ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, ba baftisma, ba zakka, ba katin coci, shi aka yi wa alkawarin Firdausi a ranar. Da a trotro ɗinmu yake, mai wa'azin nan ba zai sa shi cikin biyun ba.

Kakata da carbi a hannu ta cika. Ranar Lahadi zan kai wa Fasto Luka 13 in ji ta bakinsa.