Manhaja ta yi mana tafinta, amma kar mu bar mata maganar kuɗi

Yanzu in ka shiga Kantin Kwari ko Farm Centre ka ɗan tsaya ka lura, za ka ga yaron shago riƙe da waya yana ciniki da wani a Gwanzu ko Istanbul, shi bai iya yaren Chana ba, wancan bai taɓa jin Hausa ba, kuma magana na tafiya. Ya rubuta, ya kwafa, ya zuba a Google Translate, ya mayar WhatsApp ko WeChat. Wasu ma sun wuce nan, an haɗa musu manhajar da da zarar saƙon kwastoma ya shigo ita ce za ta fassara kuma ta ba da amsa ko da mai shago na barci. Ni dai ina cikin masu murna da wannan abu, amma akwai inda muke sakaci, kuma sakacin a kan kuɗi yake.

Dalilin murnar a fili yake. A da ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da bakin magana da masana'anta sai ta hannun ejan ko tafinta, ka biya shi la'ada, abin da ya ce an ce shi ne aka ce, ba ka da yadda za ka bincika. Da yawansu mutanen kirki ne masu amana, amma ko mai amana ai sai da kuɗi, kuma mai sayen katan ashirin ba zai iya ɗaukar nauyin da mai loda kwantena biyar zai ɗauka ba. A watan Disamba 2013 Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tare da Yarbanci da Ibo da Somaliyanci da Zulu, a lokacin in ka karanta abin da take fitarwa sai kanka ya yi ciwo, amma daga 2016 da suka fara sauya tsarin abin ya riƙa gyaruwa, a 2022 kuma Meta, kamfanin da ke da Facebook, ya fitar da nasa mai harsuna 200 har da Hausa. Yau mai tara zoɓorodo a Dawanau zai iya tura wa mai saye a Meziko hoto da farashi da kansa, mai riɗi ya yi magana da Baturke kai tsaye, hajiya mai turaren wuta a Gwammaja ta amsa wa kwastomarta a Faransa ba tare da ta jira ɗanta ya dawo daga makaranta ba. Wallahi wannan ci gaba ne, kuma talaka ya fi kowa morarsa.

To ina matsalar take?

Ta farko daga wajenmu take. Na'ura ta koyi Hausa ne daga rubutun jaridu da littattafai, mu kuma a waya ba haka muke rubutu ba, "xan", "ngd", "slm", ga Turanci a tsakiya, ga rashin aya da waƙafi, rabin maganar ma a saƙon murya take. Sannan sau da yawa saƙon sai ya bi ta Turanci kafin ya isa yaren Chana ko Turkanci, wato fassara biyu, kowace da abin da take zubarwa a hanya. Ko fassarar da WhatsApp ya saka a cikin manhajarsa a watan Satumba 2025, da harsuna shida ta fara a Android kuma babu Hausa a ciki. Ga kuma yadda muke ciniki, Bakano in an taya masa kaya taya bai yi ba sai ya ce albarka, kowa a kasuwa ya san an ƙi ke nan, amma na'ura tana iya isar wa mutumin can da addu'a, shi kuma ya ɗauka an sallama ya fara shirin loda kaya.

Amma inda na fi jin tsoro shi ne lamba da ma'auni, domin nan ne kuskure ba ya nuna kansa. 'Yan Chana da dubu goma-goma suke ƙirga manyan kuɗi, in ya ce wan 5 yana nufin 50,000. Ba'indiye zai rubuta maka lakh 3, 300,000 ke nan. Baturke in ya rubuta 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi, ɗigon nasu yana aikin waƙafinmu. Ma'aunin Chana da suke kira jin rabin kilo ne. Alamar kuɗin Chana da ta Japan iri ɗaya ce. Ba'amurke in ya rubuta 03/04 yana nufin 4 ga Maris, kai kuma ka karanta 3 ga Afrilu ka zauna kana jiran kaya. Yadi kuma bai kai mita ba, mita 0.9144 ne, saboda haka in a ranka mita 10,000 ka yi oda aka aiko maka yadi 10,000, mita 856 sun tafi, kuma ɗan Kwari ya san nawa ne wannan a yadin shadda. Manhajojin yanzu galibi suna kama irin waɗannan, amma galibi ba kullum ba ne, kuma ranar da ta kuskure jimlar za ta fito tsaf da kyau kamar ta ranar da ta yi daidai. Tafinta ɗan Adam in bai gane ba zai dakata ya ce Alhaji maimaita, ita kuwa ba ta dakatawa, amsa kawai take bayarwa.

Sai maganar kafin alƙalami, wadda nake so duk mai tura kuɗi Chana ya sani. Suna da kalmomi biyu da ake furta su iri ɗaya, dingjin, amma harafin farko a rubuce ya bambanta. Ɗaya kuɗin somi ne kawai, ɗayar kuma a dokarsu jingina ce, in kai ka fasa kuɗinka sun tafi, in shi ya saɓa zai mayar maka ninki biyu, kuma dokar ta ce kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin cinikin. Na'ura na iya ba ka kalma ɗaya a madadin duka biyun, ka tura kashi 30 ɗin da aka saba ba ka san a kan wanne ka tura ba.

Masu saka manhaja ta riƙa amsa wa kwastoma da kanta kuwa, don Allah ku yi tunani. Ta gaishe shi, ta tura hoton kaya, ta ce an ga saƙo za a amsa da safe, duk wannan lafiya lau. Amma ta yanke farashi ko ta yi alƙawarin ranar isar kaya, a ƙasar da canjin dala ke motsi tsakanin safe da yamma? A watan Fabrairu 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta sa kamfanin Air Canada ya biya wani fasinja saboda bayanin da ba daidai ba da manhajar hira ta shafinsu ta ba shi, kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa ba alhakinsa ba ne, kotu ta ƙi. Kai a Singa ko Dawanau mai yiwuwa ba wanda zai kai ka kotu daga Meziko, amma zai daina saye a wajenka ya kuma gaya wa 'yan uwansa, kuma ɗan kasuwa da sunansa yake cin abinci.

Akwai kuma 'yan damfara. A da in an yi kutse a imel ɗin mai kaya aka turo maka cewa an canza asusun banki, gurɓataccen rubutun kan sa mutum ya tsargu. Yanzu kowa ta na'ura yake magana, muryar kowa ta zama iri ɗaya, ba ka bambance mutumin da ka shekara biyar kana hulɗa da shi da ɓarawon da ya shigo jiya. Duk saƙon da ya ce a tura kuɗi sabon asusu, a kira mutumin ta bidiyo a tsohuwar lambarsa a ga fuskarsa kafin a taɓa ko sisi.

Na san za a ce ai tafinta tsada gare shi, shi ya sa aka gudo wajen manhaja. Gaskiya ne, kuma ban ce a koma gidan jiya ba. A yi hira da na'ura, a tambayi kala da samfur da ita, amma in an zo kan adadi da farashi da ma'auni da rana, a rubuta su da lambobi kowanne a layinsa, a rubuta USD (dalar Amurka) ko RMB (kuɗin Chana) ɓaro-ɓaro, a faɗi FOB ne ko CIF don a san wa zai biya kuɗin jirgi da inshora, a tura asalin saƙon tare da fassararsa, sannan a ce wa mutumin ya sake rubuto abin da ya fahimta da kansa. Takardar farashi ta farko, wadda dama sai da ita banki zai buɗe maka Form M, wato takardar da ake cikewa kafin a shigo da kaya, ita ce abin riƙewa, kuma ita ya kamata mutum mai jin yaren ya karanta.

Masu jin yaren kuma muna da su a garin nan. Ga yaran da suka yi karatu a Chana da Masar da Sudan da Turkiyya da Indiya sun dawo suna neman aiki, ga waɗanda BUK ke yayewa a Larabci da Faransanci duk shekara. Shugabannin Kwari da Singa da Dawanau da Farm Centre su ware shago ɗaya a kowace kasuwa su zaunar da irin waɗannan yara, a yanka kuɗi kaɗan a kan kowace takarda, wanda zai tura kafin alƙalami ya biya ta nan tukuna a karanta masa abin da zai sa wa hannu. Kuɗin duba takarda ɗaya ba zai kai kuɗin dakon dila biyu daga tasha zuwa shago ba.