Mashayin da ya gaji da giya, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Ƙanin wani abokina direban babbar mota ne, ya fi shekara goma yana shan giya mahaifiyarsa ba ta sani ba. Kullum da goro ko kanumfari a bakinsa don kashe wari. In an tada salla sai ya raɓe a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Wani dare bayan Isha'i ya tare ni a bakin layi, hannunsa na karkarwa, ya ce: "Yaya, wallahi na gaji. Na tuba ya fi sau ashirin. Ina zan samu wanda ya taɓa fita daga abin nan ya gaya mini yadda ya yi?" Wa'azi ya sha shi, faɗa ma ya sha. Abokin tafiya yake nema, mu kuwa a Arewa ba mu tanadar masa ba.

Tun da jihohinmu suka ƙaddamar da shari'a daga shekarar 2000, mun saba ganin Hisba na farfasa kwalabe a Kano. To, an fasa kwalba, mutumin da jikinsa ya riga ya kamu fa? Yana nan, ya koma giyar leda da ogogoro da burukutu, yana sha a ɓoye, kunya na cinsa.

A 1935, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa in ɗaya ya zauna ya buɗe wa ɗaya cikinsa, ƙishin giyar yakan lafa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato ta mashaya masu taimakon juna su daina ba tare da bayyana ko su wa ne ba, ta samo asali. Tsarin taronsu ba wahala: ba a biyan kuɗin shiga, sunan farko kawai ake faɗa, abin da aka ji a ɗakin amana ce. Sharaɗin shiga ɗaya ne, wato mutum yana son ya daina. Sabon shiga yakan samu wanda ya daɗe da dainawa, da zai iya bugawa waya ko da tsakar dare in zuciya ta fara raya masa. Ba a ce masa ya yi alkawarin har abada, a'a, ya riƙe yau tukuna. A 2020 masana na Cochrane, cibiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara bincike 27, suka samu cewa wajen barin giya kwata-kwata wannan hanya tana kamo sauran hanyoyin jinya, wani lokaci ma ta zarce su.

Na san za a ce abin Turawa ne. Ai Musulmi a birnin Baltimore na Amurka sun kafa tasu tun 1989, Millati Islami, bisa Alƙur'ani da hadisi. Wasu kuma za su ce tona asirin kai ne, alhali Allah ya rufa. Wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mai alfahari da saɓo daban, mai nuna miki don a sa masa magani daban. A Bukhari, an kawo wani da aka sha yi wa haddi kan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Haramcin giyar ma a hankali ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i, kafin Ma'ida ta rufe ƙofa.

Wanda ke nema yau, ya fara da asibiti. Mai sha kullum in ya yanke lokaci guda yana iya faɗuwa da jijjiga ko ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, har a rasa rai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Ya tambayi likita ko ma'aikacin jinya ko akwai zaman tsofaffin majinyata. A intanet ana irin waɗannan taruka dare da rana, mutum na iya shiga ya kashe kyamara ya saurara kawai, sai dai galibi da Turanci ake yi. Duk wurin da aka nemi kuɗi masu yawa, ko aka ga mari da bulala, a guje shi. Ba mu manta da ɗaruruwan da 'yan sanda suka ceto daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a 2019 ba.

Giɓin shi ne zama da Hausa, a unguwa. Liman da ke da ajin Islamiyya a kulle bayan Isha'i, ko fasto a Jos ko Kafanchan da ke da ɗaki a harabar coci, zai iya ba da mabuɗi ya koma gida, kada ya leƙa ya ga su wa suka zo.

Direban nan ya kwanta asibiti. A can ya haɗu da wasu mutum biyu, yanzu duk daren Alhamis suna zama a shagon wani tela bayan an tashi, da butar shayi a tsakaninsu. Ya zame sau ɗaya a hanyar Legas. Daga tashar ya bugo wa ɗayansu, aka yi ta magana da shi har aka kira Asuba.