Ranar da Lemo Ya Tona Mini Asiri

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma kusan kullum jirgin ƙasa mai lamba 4 yana ratsawa da ni ta gefen filin wasan besbol na ƙungiyar Yankees da ke titi na 161, amma ban taɓa damuwa da abin da ake yi a ciki ba. Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne tun ina yaro a Zangon Kumasi. Wasan besbol kuwa, a ganina, wasu ƙarti ne ke tsayuwa a rana cikin wando mai kama jiki suna jiran wani ya doki ƙwallo da kulki. Autana mai shekara takwas, wanda aka haifa a nan, shi ne ya kwaso mini wannan jidali daga makaranta.

Ranar wata Asabar na idar da sallar asuba, na ja bargo da niyyar yin barcin nan da duk ma'aikaci ke tanadinsa tun daga Litinin, sai na ji ana taɓa mini ƙafa. Auta ne, rungume da kwamfuta. "Baba, ka yi alkawari," in ji shi. Ashe ranar Laraba, ina tsakiyar waya, ya tambaye ni ko zan kalli tsofaffin wasanni tare da shi, na ce masa to ba tare da na ji tambayar ba. Alkawari kaya ne, don haka muka lallaɓa falo a kan yatsun ƙafa, gudun kada mu tashi uwargida.

Hoton farko baƙi da fari ne, na shekarar 1954, a filin Polo Grounds wanda a da yake tsallaken kogin Harlem, aka rushe shi tuntuni aka gina benaye a wurin. Wasan farko ne na gasar ƙarshen shekara da suke kira World Series, tsakanin New York Giants da Cleveland. Wani Vic Wertz na Cleveland ya ɗirka wa ƙwallo kulki ta yi sama kamar ba za ta dawo ba, sai Willie Mays na Giants, mai lamba 24, ya juya mata baya ya sheƙa da gudu, ya miƙa hannu ta bisa kafaɗarsa, ƙwallon ta faɗa cikin safar hannunsa, ya juyo ya wurgo ta da ƙarfin da har hularsa ta tuɓe. Gaskiya abin ya burge ni, amma uba ba ya son ɗansa ya ga wani namiji ya burge shi. Na taɓe baki na ce, "Wannan ne abin mamakin? Ai haka muke cafe mangwaro muna yara, kuma mu ba mu da safar hannu."

Auta ya dube ni, bai ce komai ba, ya danna hoto na gaba.

Nan ne muka kusa yin rigima. Shekarar 1955 ce, Jackie Robinson na Brooklyn Dodgers yana tsaye a zango na uku. Ni na raɗa wa wuraren tsayawar nan suna zango, tunda ni ɗan zango ne, kuma daga kowane zuwa na gaba ƙafa 90 ne, na huɗun shi ne gida. Mai jifa yana shirin sakin ƙwallo, sai Robinson ya ɓalle da gudu ya sulale ƙasa ya taɓa gida, alƙali ya ce ya tsira, Yogi Berra na Yankees kuwa ya dinga tsalle yana kumfar baki a gaban alƙalin. Auta ya yi tafi ya ce, "Ya saci gida!" Na dakatar da hoton, na gyara zama, na fara yi masa nasiha cewa a zuriyarmu ba a yi wa ɓarawo tafi, balle wanda ya saci gida sukutum. Yaron ya bari na kai aya, sannan ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa tsoho mai nauyin ji, cewa satar nan tana cikin dokar wasa, har lissafa ta ake yi a yabi wanda ya fi yawa. Ya ƙara da cewa mutumin nan shi ne baƙar fatar da ya karya shingen wariya a babbar gasar a 1947, kuma saboda girmama shi aka daina bai wa kowane sabon ɗan wasa lamba 42. Na yi gyaran murya na ce ai na sani, gwada shi nake yi.

Hoto na uku shi ne ya halaka ni. Wasa na shida na World Series a 1986, a filin Shea wanda a da yake unguwar Queens, New York Mets da Boston Red Sox, su Boston ɗin rabonsu da kofin tun 1918. A zagaye na goma Mookie Wilson na Mets ya yi wani ɗan duka marar ƙarfi, ƙwallo ta taho tana gangarawa kamar ta gaji, Bill Buckner na Boston ya sunkuya ya buɗe safa, ita kuwa ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta yi gaba abinta. Ray Knight na Mets ya ruga gida, Mets suka ci, kwana biyu bayan haka suka ɗauke kofin, Boston kuma suka ci gaba da jira har 2004. Na yi dariya har da hawaye. Sau uku na sa aka maimaita mini, ina cewa ko kakata da sandarta da ta tare wannan ƙwallo.

Baki shi ke yanka wuya. Auta ya tashi ya shiga kicin ya dawo da lemo guda, ya ce, "To Baba, nuna mini yadda kuke cafe mangwaro."

Falonmu taku shida ne daga kujera zuwa bango, kuma jallabiya ce a jikina, amma maganar da na riga na furta ba ta haɗiyuwa. Na juya masa baya, na ce ya jefa sama. Ya jefa, na tashi da gudu idona a rufin ɗaki, hannuna a miƙe ta bisa kafaɗa kamar Willie Mays. Abin da ban lissafa ba shi ne cewa Mays fili ne a gabansa, ni kuwa kabet ɗin uwargida ne, inda take jera farantan baƙi da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Ƙirjina ya daki kabet, faranti biyu suka sauko, filas ɗin shayi ya bi bayansu. Lemon ya bugi bango ya dawo yana gangarawa a hankali. Na ce ko banza na tsira da wannan, na juya na ware ƙafafu na sunkuya da hannu biyu. Ya shige ta ƙarƙashin jallabiya, ya fita ta baya, bai tsaya ba sai a ƙafar uwargida, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da ɗankwali a hannu.

"Buckner!" Auta ya ƙwala, yana birgima a kan kujera. A daidai lokacin maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa ta fara dukan rufinta da sandar tsintsiya.

Uwargida ta sunkuya ta ɗauki lemon da hannu ɗaya, ta dubi farantan, ta dube ni, ta ce, "Malam, ƙarfe shida da rabi ne fa." Na fara bayanin cewa tarbiyya nake yi wa yaro, ta miƙo mini tsintsiya da abin kwashe shara. Ina durƙushe ina tsince fasassun tangaran daga cikin shayin da ya malale, na ji uwa da ɗa sun zauna a kan kujera, ita tana ɓare lemon, shi yana cewa, "Mama, bari ki ga na asalin, amma na Baba ya fi kyau."