Ohtani ya ce a biya shi a 2034, wa zai iya haka a wajenmu?

Nan Los Anjelas duk inda ka waiga riga mai lamba 17 ce, yara da tsofaffi, har masu saida abinci a bakin titi. Ta Shohei Ohtani ce, dan Japan din nan mai buga wa Dodgers besbol. Haifaffen 1994 ne a yankin Iwate, ya fara da Nippon-Ham Fighters a gida, 2018 ya tsallako Amurka. Abin da ya sa suke haukarsa, a wasan nan mai jifa daban mai bugu daban, shi kuwa duka biyun yake yi, kaman ace golanku shi ne kuma ya fi kowa zura kwallo. Sau biyu ana mai aiki a gwiwar hannu yana dawowa.

Amma ni kudin ne ya tsaya min a rai. Karshen 2023 ya sa hannu da Dodgers a kwantiragin shekara 10 kan dala miliyan 700, sai bawan Allah yace a rika bashi miliyan 2 kawai duk shekara, ragowar 680 a fara biyansa daga 2034 zuwa 2043, wai don kulob ya samu sararin sayo wasu 'yan wasa. Kuma sun ci babban kofin besbol na Amurka, World Series, a 2024.

A guruf dinmu na 'yan gida an ta yabonsa, wasu har da zagin 'yan kwallonmu wai basu da tanadi, da sun samu sai mota da biki. Gaskiya ban yarda ba. Mutumin nan fa talla kadai na kawo mai miliyoyi, sannan ya san ko sama da kasa za ta hade 2034 sai an biya shi, akwai kungiyar 'yan wasa akwai kotu, akwai fansho. Yaron dake buga lig a gida albashin watan jiya ma bin sa yake, kudin sa hannu sai kaka ta kare ana ce mai gobe, in ya karye a fili shi da iyayensa ne a wajen mai dori, to shi za ka ce ya jira shekara 10? Wanda Allah ya fitar Turai kuma ranar da aka ji labari dangi sun gama lissafi, kujerar Makka ta Hajiya, auren kanne, kudin makarantar 'ya'yan yayye, kocin unguwa da ya saya mai but din farko shima yana sauraro, kuma hakkinsa ne wallahi.

Kar kuma a dauka can babu cin amana. Tafintansa da suke tare tun Japan, kullum yana gefensa a benci, shi ya kwashe mai kusan dala miliyan 17 ya zuba a caca. Bambancin kawai an kai shi kotu ya amsa laifi an daure shi, ba wanda ya turo dattawa suce Ohtani ya yi hakuri a rufa asiri.