Wace kansar? Ku fara amsa wannan kafin ku ce a kwashe komai

Wallahi na so in yi shiru amma tun daren jiya abun yake cina a rai. Masu bibiyata kun san maganar Yayata da aikin da aka sa mata, ba sai na maimaita ba, ƙari ne a mahaifa ya hana ta sakat shekara huɗu, jini ba ya tsayawa, har ƙarin jini an yi mata sau biyu, yanzu an tsaida magana za a cire mahaifar, ta yarda, mu ma mun yarda, wannan an wuce wurin. Abun da ya tayar min da hankali wata baiwar Allah ce da ta zo dubiya jiya da yamma, ta zauna a bakin gado ta gyara zama kamar wadda ta shekara ashirin a ɗakin tiyata, ta ce wai "ke tunda akwai kansa a danginku ai kawai ki ce su kwashe komai har da gidan ƙwan, a huta." A huta fa ta ce. Kamar ana maganar fitar da tsofaffin tarkace daga ɗaki.

Yaya shekararta 41. Ta juyo ta kalle ni, na ga idonta ya canza, matar da ta yi wata biyu tana lallashin kanta har ta samu natsuwa, cikin minti ɗaya an zuba mata sabon tsoro.

Na yi wa matar tambaya ɗaya tak. Na ce Anti, wace kansar? Ta ce "yo kansa ai kansa ce." Madalla da farfesa.

Jama'a kansa ba iri ɗaya ba ce, kuma ba kowace ake gado ba. Mu ɗauki gidanmu tunda shi aka kawo misali. Ƙanwar mahaifiyarmu kansar bakin mahaifa ce ajalinta, Allah ya jiƙanta, kuma ita wannan ƙwayar cuta ce mai suna HPV take kawo ta, ba ta bin jini daga uwa zuwa 'ya, ba ruwanta da gidan ƙwai, ko ka cire gidan ƙwai goma ba abun da ka rage. Wani kawunmu kansar huhu ce, mutumin da ya sha taba kusan duk rayuwarsa. Waɗannan biyun su matar take lissafawa da ta ce "akwai kansa a danginku". Amma wadda ya kamata a tsaya a kai, goggonmu, ƙanwar Baba, da kansar mama ta kama tun tana da sauran ƙuruciyarta, ita ko ambatonta ba ta yi ba, da na kawo ta ma cewa ta yi ai wannan ta wajen uba ce, ciwon mata ta wajen uwa yake biyowa. Inna lillahi. Kun ga mutum ya ba da shawarar a yanke wa wata sashen jikinta alhali lissafin nasa ma a juye yake.

Ƙwayoyin gadon da ake tsoro a wannan harkar sunansu BRCA1 da BRCA2, an gano ta farko a 1994, ta biyu a 1995, kuma uba yana iya ba 'yarsa kamar yadda uwa take iya ba ta, duk ɗan da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Namiji zai iya yawo da ita har tsufa lafiyarsa ƙalau ya miƙa wa 'ya'yansa mata. A cikin mata 100 na gama-gari, ɗaya ce ko biyu za su gamu da kansar gidan ƙwai a tsawon rayuwarsu. Mai ɗauke da lalatacciyar BRCA1 kuwa maganar kusan 40 cikin 100 ake yi, mai BRCA2 tsakanin 10 da 20. Ku dubi tazarar nan da kyau. Mace mai 1 cikin 100 da mace mai 40 cikin 100 ta yaya shawara ɗaya za ta yi musu? Akwai kuma wani gadon da ake kira Lynch, shi a dangi za ka ga kansar hanji tana yawa, ga ta cikin mahaifa, wani lokacin har gidan ƙwai. Shi ya sa nake ta nanatawa, wace kansar, wa ta kama, tana shekara nawa ta kama ta, mutum nawa ne a dangin. Idan ba ki da amsar waɗannan ki ajiye shawararki ki yi wa mara lafiya sannu ki tashi.

Kuma abun da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake ɗaukar gidan ƙwai kamar aikinsa haihuwa ce kawai, an gama haihuwa shikenan ya zama kayan ado. Haba. Shi yake samar da sinadarin istirojin da yake riƙe wa mace ƙashinta, yake taimaka wa zuciya da jijiyoyin jini, yake da hannu a barcinta da yanayin ranta da zamanta da mijinta. Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, a hankali, jiki yana sabawa kaɗan-kaɗan. Amma idan aka cire gidan ƙwan duka biyun, a kwana ɗaya ake jefa mace ciki, ta shiga tiyata da safe tana mace mai shekara 41, kafin sati ya zagayo jikinta yana abun da sai nan da shekara goma ya kamata ya fara. Na gani da idona a jikin wata abokiyar aikina da aka yi wa haka tana 39 ba tare da an zaunar da ita an yi mata bayani ba. Muna zaune a ofis ana sanyi kowa ya takure, sai ka ga fuskarta ta yi jawur, gumi yana bin wuyanta, ta ɗauki fayil tana fifita, ta ce min da daddare sai ta tashi ta canza riga sau biyu don ta jiƙe sharkaf, barci ya ƙaurace mata, abu kaɗan sai kuka, ga bushewar gaba da ta kasa faɗa wa kowa sai da aka shekara. Wannan shi ne "a huta" ɗin?

Kuma ba labarin mutum ɗaya ba ne. A Amurka an bi diddigin ma'aikatan jinya mata sama da 29,000 da aka cire wa mahaifa saboda ciwon da ba kansa ba, aka fitar da sakamakon a 2009. Waɗanda aka cire wa gidan ƙwai tabbas kansar gidan ƙwai da ta mama sun ragu a cikinsu, ba wanda ya musa, amma ciwon zuciya ya fi yawa a cikinsu, kuma da aka haɗa mace-macen gaba ɗaya su suka fi mutuwa, musamman waɗanda aka yi wa aikin kafin su kai 50 kuma ba su sha maganin istirojin ba. An guji gara an faɗa gidan zago kenan. Ciwon zuciya yana kashe mata fiye da kansar gidan ƙwai nesa ba kusa ba, kawai dai shi ba ya ba mutane tsoro irin yadda kalmar kansa take bayarwa.

Na san abun da za ku zo ku rubuta min. Rigakafi ya fi magani. Eh ya fi, amma rigakafin me? Rigakafin ciwon da ba a ma tabbatar kina cikin haɗarinsa ba? Wata za ta ce ai akwai maganin hormon da ake ba mace ya maye gurbi. Akwai, kuma yana taimakawa sosai, wadda ba ta da mahaifa ma istirojin kaɗai take buƙata, amma ba kowace mace ce ya dace da ita ba, wadda ta taɓa yin kansar mama misali ba haka kawai ake ba ta ba, sannan shan magani shekara goma ba fashi ba wasa ba ne, ku da maganin kwana biyar ma ba kwa ƙarasawa. Wata kuma za ta kawo min Angelina Jolie. To ku kawo ta, ni ma ina son a kawo ta. Mahaifiyarta ta rasu a 2007 tana shekara 56 bayan fama da kansar gidan ƙwai, ita kuma ta je ta yi gwaji aka same ta da BRCA1, aka yi mata aikin cire mama a 2013, sai a 2015 aka cire gidan ƙwan da bututunsa. Gwaji ta fara yi. Ta san wace kansar, ta san wa ta kama, ta san abun da yake jininta, sannan ta kwanta aka yi aiki. Ba 'yar dubiya ce ta yanke mata hukunci a bakin gado ba. Masu cewa "ke likita ce?" kuma, ita Antin da ta ce a kwashe komai wace makarantar likitanci ta gama, me ya sa ita ba ku tambaye ta ba.

Tsakani da Allah fa ba raina kansar gidan ƙwai nake ba, ina tsoronta sosai. Muguwa ce, tana zuwa a ɓoye, kumburin ciki, saurin ƙoshi, yawan fitsari, ɗan ciwon mara, abubuwan da kowace mace za ta ce gyambon ciki ne ko iska, kafin a farga ta yi nisa. Gwajin bakin mahaifa da ake yi ba ya gano ta. A Birtaniya an gwada sa ido a kan mata kusan 200,000 da gwajin jini da hoton ciki shekara da shekaru, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai rage yawan masu mutuwa ba. Saboda haka macen da aka tabbatar tana ɗauke da BRCA, cire gidan ƙwan ceton rai ne, likitoci ma shawarar da suke bayarwa kenan, mai BRCA1 tsakanin shekara 35 da 40, mai BRCA2 tsakanin 40 da 45, bayan ta gama haihuwa. Idan gobe gwajin Yaya ya fito aka ce tana da ita, wallahi ni zan fara riƙe hannunta in ce Yaya a cire, gumin dare da duk abun da zai biyo baya za mu san yadda za mu yi da shi. Haka wadda al'adarta ta riga ta ɗauke da daɗewa, lissafinta daban ne da na mai 41. Ni faɗana da yanke hukunci ne kafin a yi tambaya.

Sannan akwai hanya ta uku da masu shawarar kyauta ba su ma san da ita ba. An gano cewa da yawa daga cikin mafi munin kansar nan a bakin bututun da ƙwai yake bi take farawa, ba a cikin gidan ƙwan kansa ba. Shi ya sa tun wajen 2010 likitoci a yankin British Columbia na Kanada suka fara cire bututun idan za su cire mahaifa, su bar gidan ƙwan yana aikinsa, yanzu kuma ƙasashe da yawa haka ake yi. An rage haɗari, ba a jefa mace cikin ɗaukewar al'adar dole ba. Ga mai BRCA wannan kaɗai ba a ɗauke shi ya wadatar ba, amma ga macen da kansar danginta ta huhu ce da ta bakin mahaifa, me ya fi wannan?

Su ma likitocin ban ƙyale su ba. Wani matashin likita da ya kawo takardar sa hannu cewa ya yi "idan muka buɗe za mu ga abun da ya dace." Na ce likita da girmanka, idan kun buɗe tana barci, wa za ku tambaya? A rubuta a takardar tun yanzu, mahaifa za a cire, bututu za a cire, gidan ƙwai a bar shi sai idan an ga ciwo a jikinsa, in kuma gwaji ya canza magana a sake zama a sake rubutawa. Allah ya saka wa babbar likitar da alheri, ita da ta zo zagaye da safen nan ta jawo kujera ta zauna, ta juya bayan wata takarda ta fara zana danginmu, ɓangaren uwa a hagu, na uba a dama, da ta zo kan Goggo ta zagaye sunan da biro sau biyu ta ce wannan nake son sani, shekararta nawa lokacin, mama ɗaya ne ko biyun, akwai wata a gidan da ta yi irinsa. Ta ce tunda jinin Yaya ya ɗan daidaita aikin zai iya jiran gwajin gado. Wace kansar, wa, shekara nawa. Tambayoyin da na yi aka ce na cika iyayi.

Abun kunyar shi ne mu biyu muka kasa amsa mata. Goggo ta rasu muna yara, abun da muka sani kawai ta yi jinya. Na kira babbar yayar Baba, ita kaɗai ta rage a cikinsu, na ce Goggo don Allah ƙanwarku shekararta nawa lokacin da ciwon ya kama ta. Minti arba'in muna waya. Na ji labarin yadda marigayiyar ta fi kowa gashi a gidan, na ji labarin wani ɗan kunne da ta ara ba ta dawo da shi ba har ta koma ga Allah, na ji faɗan da suka yi a kan wani keken ɗinki, har yanzu babbar Goggon tana kan bakanta cewa keken nata ne, mahaifinsu ita ya saya wa. Sai can ta ce wai ai kakarsu ta wajen uba ma "cikinta ne ya kumbura" ta rasu, na miƙe zaune na ce Goggo kumburi kamar yaya, tana shekara nawa, ta ce ke ma dai da tambaya kamar 'yar sanda, bari cajin wayar nan ya kusa ƙarewa, kuma wai yaushe zan kawo mata yaran ta gansu, ƙaramin ma tun yana rarrafe rabonta da shi.