Yara Huɗu a Cikin Silin, Ba Wanda Ya Ji Tari

(Teburin mai shayi, bayan sallar isha'i. Bazazzagi ɗan boko ya ajiye littattafai biyar kusa da burodi.)

BAKANO: Zage-zagi, sana'ar takardar ƙosai ka koma?

BAZAZZAGI: Alhaji, da a ce ka san abin da ke ciki da ka gyara zama. Labarin wani gida ne a Amurka. Wata mata, V. C. Andrews, ta fitar da na farko a 1979, Flowers in the Attic. An ce an sayar da fiye da miliyan 40.

BAKANO: Miliyan 40? Mai shayi, ƙara masa madara. Muna jin ka.

BAZAZZAGI: Wani mutum ne ya mutu a haɗarin mota a 1957, ya bar mata da 'ya'ya huɗu da tulin bashi. Matar, Corrine, 'yar wani hamshaƙin attajiri ce a jihar Bajiniya, amma ya cire ta daga gado saboda ta auri ƙanin ubanta.

MALAM: A'uzubillahi! Baffanta?

BAZAZZAGI: Uba ɗaya suke da mahaifinta, uwa kowa da tasa.

MALAM: Ko kaka ce kowa da tasa, baffa dai baffa ne. Ci gaba, amma ban yarda ba.

BAZAZZAGI: Sai ta koma gidan uban da dare. Tsohon yana jinya, bai san tana da 'ya'ya ba. Ita da uwarta suka kulle yaran a wani ɗaki na sama mai matattakala zuwa cikin silin. Aka ce musu kwana ɗaya ne, ko mako, kafin ta shawo kan tsohon. Suka yi shekara uku da watanni.

ƊAN FULANI: Tsaya, Malam Bazazzagi. Gidan babu kowa ne?

BAZAZZAGI: Cike yake da barori.

ƊAN FULANI: Kurame?

BAZAZZAGI: Lafiyarsu ƙalau. Har shara suke zuwa yi ɗakin, Juma'ar ƙarshen kowane wata. Ranar sai yaran su kwashe kayansu su haye silin.

ƊAN FULANI: Aradu ni maraƙi ɗaya na taɓa ɓoyewa daga mai jangali, kafin la'asar ya tona min asiri. Yara huɗu, biyu tagwaye 'yan shekara biyar, ba kuka, ba tari, ba wanda ya ja ruwan banɗaki aka ji?

BAZAZZAGI: An ce wa barorin ɓeraye ne.

MAI SHAYI: Ɓerayen da ake hawar wa da kwandon abinci kullum da safe?

BAZAZZAGI: Gidan ƙato ne, sashen arewa a rufe yake. Ku ba ku san irin wannan adabin ba. Dole a samu tsohon gida mai duhu, da mugun sirri, da tsohuwa mai carbin tsoron Allah a baki da bulala a hannu.

BAKANO: Ni duk wannan bai dame ni ba. Makaranta fa? Maƙwabta? Masu bin bashi? Ka ce ta bar bashi. Wallahi da a Kantin Kwari ta ci bashin nan, kafin sati an gano silin, an ƙirga yaran, an yi musu kuɗi.

BAZAZZAGI: Ba wanda ya neme su. Amma yaran ma ba wawaye ba ne. Babban, Chris, ya danna mabuɗi a jikin sabulu, ya sassaƙa na katako, ya riƙa fita da dare yana satar kuɗi a ɗakin uwar. Sun ma taɓa ƙulla zannuwan gado, shi da ƙanwarsa Cathy, suka sauko ta rufi har ƙasa, suka je tafki suka yi iyo.

ƊAN FULANI: Madalla! Suka gudu.

BAZAZZAGI: Suka hau suka koma.

ƊAN FULANI: Suka me?

BAZAZZAGI: Tagwayen suna tsoron rufi, ba za a bar su ba.

ƊAN FULANI: To ba sai a tsaya a bakin hanya a yi ihu ba? Ko a Amurka ihu ma sai da lasin?

BAZAZZAGI: Da sun yi ihu, littafin ya ƙare a shafi na ɗari biyu.

BAKANO: Yanzu ka yi magana. Ciniki ne ya mayar da su silin.

BAZAZZAGI: Daga baya aka fara kawo musu donat, wato fanken Turawa, an barbaɗe shi da garin sukari. Ashe da guba a ciki. Ɗaya daga tagwayen, Cory, ya mutu. Suka gwada a kan ɓeran da suke kiwo, shi ma ya sheƙa. Sannan suka gano kakan ya mutu tun watanni da suka wuce, ya kuma bar sharaɗi a wasiyya: in aka taɓa gano Corrine ta haihu, za a ƙwace komai.

MALAM: To ka ji inda aka tafka ta'asa. Da sun zo wurina, zaman shayi ɗaya ya isa. Babu wasiyya ga magaji, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. 'Ya ta ɗauki rabonta, matar mamaci ta ɗauki tumuninta, a sauko da yara su sha iska. Littafi biyar a kan abin da ɗalibina na Risala zai raba kafin shayinsa ya huce!

BAZAZZAGI: Allah gafarta Malam, can mutum yana iya bar wa karensa dukiya.

MALAM: Shi ya sa yara suke silin.

BAKANO: Sun dai kai ƙara da suka fita?

BAZAZZAGI: Sun fito da mushen ɓeran da guntun donat a jaka, shaida ke nan. Daga baya sai suka jefa a kwandon shara. Wai kada hukuma ta raba su.

MAI SHAYI: Gawar yaron fa?

BAZAZZAGI: A littafi na ɗaya uwar ta ce a asibiti ya mutu, an binne shi. A na biyu ta ce a wani kwazazzabo ta yar da shi. Cathy kuma ta ce ƙarya ne, yana wani lungu a saman gidan.

MALAM: Mamaci ɗaya, kabari uku. A ina za a tsaya a yi masa addu'a?

BAZAZZAGI: Ba za a sani ba, don a ƙarshen na biyun gidan ya ƙone ƙurmus, da kakar a ciki.

ƊAN FULANI: Alhamdu lillahi. An huta.

BAZAZZAGI: A na huɗu an sake gina shi, sak yadda yake.

ƊAN FULANI: Har da silin?

BAZAZZAGI: Har da silin. Kuma waɗanda aka kulle ɗin, da furfurarsu, suka kwashe kaya suka tare a ciki. Suna shiga suka tarar da wani kawunsu, Joel, wanda aka ce ƙanƙara ta binne shi a duwatsun Turai shekaru aru-aru. Wai yana Italiya wurin 'yan zuhudun Kirista.

BAKANO: Ba wasiƙa, ba saƙo, sai da ya ji an gama gini? Wannan ko ba a faɗa ba Bazazzagi ne.

BAZAZZAGI: Bakano dai, shi ke jin ƙanshin gado daga wata nahiya. Saura na biyar, na 1987. Shi ya koma baya, kakar ce ke ba da labari da bakinta. A nan aka ce Corrine ba ita ta haife ta ba. Matar uban mijinta ce ta haife ta, an ɓoye ta a wannan ɗakin dai, ita kuwa kakar ta riƙa cusa matashi a riga wai tana da ciki. Ka ga ke nan Corrine da mijinta uwarsu ɗaya.

MALAM: Ɗazu ka ce baffanta ne!

BAZAZZAGI: Baffanta ne, kuma wanta ne.

MALAM: Mai shayi, ba ni ruwa in kuskure baki. Ita marubuciyar ba ta karanta abin da ta rubuta jiya kafin ta rubuta na yau?

BAZAZZAGI: Ai ta rasu a Disambar 1986.

BAKANO: Ka ce na biyar 1987 ya fito.

BAZAZZAGI: Haka ne. Bayansa ma an fitar da wasu gommai da sunanta.

ƊAN FULANI: (ya ɗauki sandarsa) Sai da safenku.

BAZAZZAGI: Zauna, ba fatalwa ba ce! Dangi ne suka ɗauki wani marubuci, Andrew Neiderman, yana rubutawa ana buga sunanta. Har hukumar harajin Amurka ta ce sunan nan kadara ne, a biya masa harajin gado, kotu kuma ta yarda.

BAKANO: Suna kawai? Mai shi yana ƙasa, sunan yana kasuwa?

BAZAZZAGI: Yana ma ciyar da mutane.

BAKANO: Mai shayi, nawa ne kuɗinmu?

MAI SHAYI: Shayi huɗu, burodi biyu, da ƙarin madarar da ka yi oda.

BAKANO: Rubuta da sunan marigayi babana.

MAI SHAYI: Alhaji, shafinsa ya cika. Shi ma da sunan kakanka ya riƙa sha.